Sanin Hanya da Karatun Taswira: Koya wa Samarin Ƙasar Wanke

1. Gabatarwa

Wanke gari ne da ke kudu da Gusau, bisa hanyar da ta nufi Magami da Ɗansadau, cikin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996. Wanda ya taso daga Wanke ya iso Gusau, in ya karkata kudu maso gabas sai Tsafe, bisa hanyar Funtuwa da Zariya. In kuwa ya bi arewa maso yamma sai Bunguɗu, bisa hanyar Sakkwato. Ƙasa ce ta noma da kiwo, mai duwatsu jefi-jefi, da ƙoramu waɗanda su kan cika da damina su ƙafe da rani.

A da, yaron wannan ƙasa ba ya bukatar a zaunar da shi a koya masa hanya, gama yana koyonta ne da ƙafarsa. Ya kan bi ubansa gona, ya raka yayyensa kiwo da farauta, ya kora jaki zuwa kasuwannin ƙauye, har ya zama kafin ya isa aure babu turbar da bai taka ba tsakanin garinsu da maƙwabtansa. Amma tun daga wajen 2011, sa'ad da ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka soma mamaye dazuzzukan Zamfara, wannan makaranta ta rufe. Gonakin nesa da yawa sun koma saura, farauta ta yi wuya, iyaye kuwa ba su yarda 'ya'yansu su yi nisa da gari. A makarantar boko kuma ana koya wa yaro karatun taswira cikin darasin labarin ƙasa, amma da Turanci, bisa takardar wani wuri da bai taɓa gani ba. Ta haka sai ya tashi biyu babu: bai gaji sanin kakansa ba, bai kuwa fahimci na takarda ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa harshen Hausa da kansa yana ɗauke da mafi yawan abin da a ke bukata, kuma malamin da ya fara da kalmomin da yaro ya riga ya sani, sa'an nan ya kai shi ga takarda, ya fi samun biyan bukata bisa wanda ya fara da takarda.

2. Kusurwoyi huɗu a bakin Bahaushe

Bahaushe ba ya cika kwatance da dama da hagu ba in zancen wuri a ke yi. Abin da ya kan ce shi ne gidan yana gabas da masallaci, ko gonar tana arewa da rijiya, ko a shiga ɗakin kudu. Ba kuwa kowace al'umma ce ke magana haka ba. Masana harshe, musamman Stephen Levinson a littafinsa na 2003 a kan wuri da harshe da tunani, sun nuna cewa harsuna sun bambanta a nan: waɗansu sun fi dogara da jikin mai magana, watau damansa da hagunsa, waɗansu kuwa, kamar harshen Guugu Yimithirr na ƙasar Ostareliya, da kusurwoyin duniya su ke kwatanta kome. Masu irin wannan harshe dole su riƙa lura da inda gabas ta ke a kowane lokaci, in ba haka ba ba su iya magana daidai. Hausa tana amfani da hanyoyin biyu, amma rabonta a ta biyun babba ne, wannan kuwa jari ne ga malami.

Ba wuya a ga kusancin kalmar gabas da kalmar gaba. Yamma kuwa suna ne na kusurwa, suna ne kuma na lokacin da rana ta karkata can. A karin harshen Sakkwato da Zamfara da ƙasar Nijar a kan ji gusum a maimakon kudu, ya kamata kuwa malami ya karɓi wannan daga bakin yaro, kada ya ɗauke shi kuskure. Tsakanin kusurwoyi akwai kalmar maso, wadda aka gina daga ɗafa-goshin ma- da aikatau so, har a ce arewa maso gabas, watau arewar da ta karkata ga gabas. Da wannan ƙaramar kalma Hausa ta sami kusurwoyi takwas ba tare da aro ba.

Addini ya ƙara ƙarfafa wannan sani, domin sau biyar a yini Musulmi ya ke neman alƙibla. Sai dai a nan akwai abin gyara. Mutane su kan ce an fuskanci gabas in ana nufin alƙibla, alhali kuwa daga Gusau Makka tana wajen digiri 20 arewa da gabas sak. In yaro ya gane wannan, kowane masallaci ya zama masa kamfas, ko da na jeren duwatsu ne a bakin hanya. Haka kuma maƙabarta: tun da ya ke a kan kwantar da mamaci bisa ɓarinsa na dama yana duban alƙibla, tsawon kabari ya kan bi kudu da arewa, kai yana kudu.

Wahalar da ke nan ita ce, Bahaushe gabas ya ɗauka gabansa, ita kuwa taswira arewa ta sa a samanta. Malami ya rataye ta a bango ya ce arewa tana sama, yaro kuwa ya san babu abin da ke sama sai gajimare. Maganin abin shi ne a sauke taswira a shimfiɗa ta a ƙasa, a juya ta har arewarta ta dace da arewar gaskiya.

3. Sunayen ƙasa da na hanya

Abin da mai zana taswira ya ke nunawa da launi da alama, Bahaushe ya riga ya raɗa masa suna. Akwai tudu da kwari, da tsauni da dutse, da fa, watau shimfiɗaɗɗen dutse. Akwai jigawa mai yashi, da fako mai tauri wanda ba ya tsirar da kome, da fadama mai laka. Wajen ruwa akwai gulbi da rafi da ƙorama, da tafki da kududdufi. Wajen itatuwa akwai kurmi da sunƙuru da saura, da kufai inda gari ya tashi. Hanya ma ba iri ɗaya ba ce: turba ta mai ƙafa ce, burtali da labi na shanu ne, gwadabe kuwa, wanda a yammacin ƙasar Hausa a ke cewa godabe, shi ne babbar hanyar ayari.

Akwai kuma wani gini na nahawu mai amfani ƙwarai a nan, watau sunan wuri mai farawa da ma-. Daga sha aka sami mashaya, daga shiga mashigi, daga rarraba mararraba, daga sauka masauki, daga fake mafaka. Kowane ɗaya daga cikinsu yana faɗin abin da a ke yi a wurin. Sunayen garuruwa su ma haka su ke magana. Cikin mazaɓun Gusau akwai Magami, sunan da ke nufin wurin gamuwa, da Rijiya, da Ruwan Ɓore, da Tudun Wada. A Bunguɗu akwai Tofa, sunan wata ciyawa. Ba kullum ba ne ma'anar suna ta ke tabbatar da tarihin gari, amma darasi ne mai kyau a sa yara su tattara sunayen unguwanni da gonaki da ƙoramun garinsu, su rarraba su: wanne ne ke nuna ruwa, wanne tudu, wanne itace, wanne kuma sunan mutum.

Itatuwa ma alamu ne. Kukoki da yawa wuri ɗaya cikin daji su kan nuna kufai, kusa da kufai kuwa ba a rasa tsohuwar rijiya ko tsohuwar turba. Giginya ta fi son ƙasa mai damshi, saboda haka jerin giginyu daga nesa ya kan nuna fadama ko bakin rafi. Rimi da tsamiya su kan tsaya a bakin gari da kasuwa. Gawo kuwa ba ya ɓoyuwa, gama shi ne ya kan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani.

Fiye da duka akwai duwatsu. Dutsen Kwatarkwashi, wanda ke gabas da Gusau cikin ƙasar Bunguɗu, ana hangensa daga nesa mai yawa, haka kuma duwatsun Tsafe. Amma Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba, kuma gaskiya ce mai amfani ga matafiyi: dutse ya kan yi kamar yana kusa alhali da sauran tafiya, siffarsa kuma tana sakewa gwargwadon ɓarin da aka dube shi.

4. Rana da iska da taurari

A nan ne littattafan da aka rubuta domin yaran Turai su ke ɓad da yaran ƙasar Hausa. A Ingila rana tsaka kullum tana kudu da mutum, inuwa kuwa tana faɗuwa arewa. Gusau kuwa tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara rana ta kan bi ta tsakar ka sosai, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokatai biyu inuwar rana tsaka kudu ta ke faɗuwa, sauran watanni kuwa arewa. Har wa yau rana ba ta fitowa gabas sak sai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A Yuni mafitarta ta kan karkata arewa da kamar digiri 24, a Disamba kuwa ta karkata kudu da misalin haka.

Dabarar da ba ta damu da wata ba ita ce ta sanda. A kafa sanda a fili, a sa tsakuwa a kan bakin inuwarta, a dakata kamar sulusin sa'a, a sake sa wata inda bakin inuwar ya koma. Tsakuwar fari tana wajen yamma, ta biyu tana wajen gabas. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin malaman zaure sun daɗe suna auna inuwa da taki don gane shigar azahar da la'asar.

Iska ma tana da ƙa'ida. Ta hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, ta damina daga kudu maso yamma, amma hadari mai ƙarfi galibi daga gabas ya ke tasowa. Shi ya sa bangon ƙasa ya fi zaizayewa ta fuskar gabas, magina kuwa sun san haka.

Da dare sai taurari. Zara ta kan bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, Gamzaki kuwa a gabas kafin asuba, ko da ya ke ba duk shekara a ke ganinsu ba. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Suraiya, tana fitowa ne wajen digiri 25 arewa da gabas, watau kusa ƙwarai da alƙiblar Gusau. A kan gan ta a gabas da magariba wajen Nuwamba, ta ɓace cikin hasken rana wajen Mayu. Bayanta akwai taurari uku a jere, waɗanda Turawa ke kira ɗamarar Oriyon, su kuwa gabas sak su ke fitowa, yamma sak su ke faɗuwa. Tauraron arewa ba ya gusawa daga wurinsa, amma a wannan ƙasa ƙasa-ƙasa ya ke, tsayinsa bai wuce digiri 12 ba, watau kamar dunƙulen hannu ɗaya da 'yan kai in an miƙe hannu. Hazo da itatuwa su kan rufe shi, saboda haka kada a dogara da shi kaɗai. Malaman da ke lissafin taurari 28 na shekara domin manoma, lissafin da Mervyn Hiskett ya yi nazarinsa a 1967, su ne suka fi dacewa a gayyato su nuna wa yara sama.

5. Magabata da taswira

Kada a zaci sanin hanya abu ne da kowa ya kan tsinta kawai. A zamanin fatauci sana'a ce mai shugabanni. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu uban tafiya, da jagaba wanda ke gaba yana duba hanya da masauki, da uban dawaki. Taswirarsu a ka ta ke: jerin zango ne, kowane da sunansa, da ruwansa, da mashiginsa, da irin haɗarinsa. Nisa kuwa da lokaci a ke auna shi, a ce tafiyar hantsi ce, ko a ce in an tashi da asuba sai azahar. Da irin wannan jeri ne Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Zamfara a 1853 kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya cika taswirorinsa da garuruwan da bai taka ba.

Zane ma ba baƙo ba ne. Sa'ad da Hugh Clapperton ya sauka Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa yadda kogin Kwara ya bi a kan rairayi, daga baya kuma aka ba shi taswira a takarda da rubutun Larabci, wadda aka buga a Landan a 1826. Yaron da ya ji wannan labari ba zai ƙara ɗaukar taswira kayan Bature kaɗai ba.

Irin wannan ilmi yana iya mutuwa, yana kuma iya farfaɗowa. A tsibiran Hawai sanin tuƙin teku da taurari ya kusa ɓacewa, sai aka nemo Mau Piailug daga tsibirin Satawal, wanda a 1976 ya kai jirgin ruwa daga Hawai har Tahiti ba da kamfas ba, sa'an nan ya koya wa samari. Abin ya yiwu ne domin an tarad da mai sanin yana da rai. Tsofaffin maharba da makiyaya da 'yan kasuwar jaki na ƙasar Wanke suna nan tukuna, amma ba za su dawwama ba.

6. Daga ƙasa zuwa takarda

Ga tsarin da malami zai iya bi da yara 'yan shekara 13 zuwa 18, maza da mata, gama 'yammata ma suna zuwa itace da ɗiban ruwa da kai abinci gona.

Da fari a soma da baki. Yaro ya kwatanta hanya daga gidansu zuwa makaranta da kusurwoyi huɗu kaɗai, ba nuni da hannu, ba dama ba hagu; wani yaron kuma ya maimaita kwatancen a juye, watau daga makaranta zuwa gidan. Juyawar nan ita ce gwajin fahimta, domin duk gabas sai ta koma yamma.

Na biyu, a zana a ƙasa. A share fili a farfajiyar makaranta, a sa duwatsu a madadin tsaunuka, igiya a madadin ƙorama, tsakuwa a madadin gidaje, kome yana fuskantar inda ya ke fuskanta a gaskiya. A nan ne ya kamata a gayyato dattijo ya duba, ya gyara, ya faɗi sunayen da yara ba su sani ba, malami kuwa ya rubuta su yadda aka furta.

Na uku, awo. A auna mita 100, kowane yaro ya ƙirga takunsa sau uku ya riƙe matsakaicin, gama takin kowa dabam ne. Daga nan sai a kwatanta da lokaci: mai tafiya a sarari ba kaya ya kan ci kilomita 4 zuwa 5 a sa'a, yashi da hawa da duhu kuwa su kan rage wannan.

Na huɗu, sai a kwashe zanen ƙasa a mai da shi takarda, yara su ƙago alamunsu da kansu. Bayan haka ne za a fito da taswirar gwamnati, irin mai ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 ke madadin kilomita 1. Layukan da ke nuna tudu su ne suka fi ba yara wuya. A kife ƙwarya, a zagaye ta da zobban alli daga gindi zuwa sama, tazararsu ɗaya a tsaye, yara su leƙo ta daga bisa: za su ga inda gangara ta yi tsanani zobban sun matsu, inda ta kwanta sun buɗe. Ya kamata kuma a gaya musu yawancin waɗannan taswirori tsofaffi ne. Dutse da gulbi suna nan inda su ke, amma hanya da ƙauye sun iya sakewa.

Na biyar, kamfas, da yadda mutum zai gane inda ya ke. In ya hangi duwatsu biyu da ya sani, ya daidaita taswira, ya ja layi daga kowane dutse zuwa wajensa, inda layukan suka gamu nan ya ke tsaye.

Na ƙarshe, abin yi in an ɓace. Mai tafiya ya riƙa waiwaye, domin hanya ba ta kama da kanta in an juyo. In ya rikice ya tsaya, ya zauna a inuwa, ya tuna alamar ƙarshe da ya tabbata da ita. Ya kasa kunne ko ya ji daka, ko carar zakara, ko kiran salla. Burtali ya kan kai ga ruwa ko ga mutane. Matambayi kuwa ba ya ɓata, in dai ya san wanda zai tambaya.

7. Abin lura game da tsaro

Wani zai ce wayar hannu ta ɗauke wa mutane wannan wahala. To, a Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba sadarwa. Ko da waya tana karɓar saƙon tauraron ɗan Adam, hoton taswirar ba ya sauka sai da layi, in ba an adana shi tun da wuri ba. Batir kuma yana ƙarewa, wanda aka tare a hanya kuwa waya a ke fara karɓe masa. Mutanen da hari ya tarwatsa cikin dare, da waɗanda suka kuɓuto daga hannun masu garkuwa, ba su da abin dogara sai Allah, sai abin da ke kansu.

Amma wannan dalili da kansa shi ya wajabta hattara. Bayan sace 'yammatan makarantar Jangebe a Fabrairu na 2021, babu malamin da zai yi wasa da fitar da yara. Duk matakan da aka lissafta ana iya yinsu cikin farfajiyar makaranta da unguwannin gari, kallon taurari kuwa a ƙofar gida. Kada a fita bayan gari sai da yardar iyaye da mai gari. Kada kuma a sa yara su zana maɓoyar mutane, ko hanyar gudu, ko inda a ke ajiye dabbobi da hatsi, domin takarda tana iya faɗawa hannun da bai kamata ba. A wurin da a ke zargin masu kai wa ɓarayi labari, yaron da aka gani yana tambayar hanyoyi yana rubutawa zai iya jawo wa kansa zato; saboda haka a sanad da shugabannin gari tun kafin a soma.

8. Kammalawa

Aikin nan ya rataya ne a wuyan makarantun horon malamai, irin Kwalejin Ilmi ta Maru da ta Gusau, da sassan Hausa da na labarin ƙasa na jami'o'i, su haɗa kai. Malamin Hausa shi ya san yadda a ke ɗaukar kalma daga bakin dattijo a rubuta ta daidai da karin harshensa. Malamin labarin ƙasa kuwa shi ya san inda za a sa ta a takarda. Abin da ya fi gaggawa shi ne tattara sunayen wurare, musamman na ƙauyukan da suka tashi cikin shekarun nan, tun masu iya faɗinsu suna raye. In Allah ya kawo zaman lafiya, mutane za su so komawa gonakin iyayensu, ranar nan kuwa za a nemi wanda ya san iyaka, da rijiya, da turbar da ciyawa ta rufe.